Neman shawara: za mu buɗe shafin bayanin sikila da Hausa, ya za mu yi mutane su iya amfani da shi kuma su yarda da shi?

Ummu_Aiman:

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Dan Allah shawara nake nema, a yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta iyayen yara masu sikila anan Kano, yawancinmu a layin ganin likita muka san juna ranar kilinik, daga nan aka buɗe guruf a WhatsApp. To guruf ɗin yanzu ya cika ya batse kuma tambayoyin kullum su ne dai su ne. Yaro jikinsa ya yi zafi da daddare in kai shi asibiti ko in bari sai da safe, ni AS maigidana AS mun haifi mai SS ɗaya shin ukun da za su biyo baya sun tsira kenan, wai da gaske ne hydroxyurea da ake ba masu sikila maganin kansa ne, wato ciwon daji. Sai a amsa yau, jibi wata sabuwa ta shigo ta sake tambaya, ita kuma amsar farko ta riga ta nutse cikin gaisuwar Juma'a da katin biki. Wanda ya fi ci min rai kuma masu turo saƙon muryar wani mai magani da yake cewa yana mayar da SS ya koma AA, kuma wlh akwai waɗanda suke saye, har a ajiye maganin asibiti.

Shi ne muka ce bari mu yi shafin intanet guda ɗaya da Hausa zalla, duk wadda ta yi tambaya a tura mata link ta karanta. Ƙanina da ya karanci kwamfuta ya ce zai haɗa mana kyauta, ya ma yi samfur ya nuna mana a laftof ɗinsa, abu ya yi kyau ba laifi, hotuna na ta juyawa a sama ga kala kala. Amma da muka tura wa wasu daga cikinmu su gwada sai wata ta ce wayarta ta yi ta juyi har ta gaji ta rufe. Wata Hajiya kuma da take riƙon jikanta ta ce "to wa ya rubuta wannan? ta ina zan san ba irin na masu maganin nan ba ne?" Wannan tambayar tata ita ta tsaya min a rai don gaskiya ba ni da amsa.

So masu ilimin abun, me ya kamata mu fara sawa, me za mu guje wa, kuma ya ake yi shafi ya zama abin yarda? Kuɗi dai babu, karo karo muke yi. Allah ya saka da alheri.

Sista_Yara:

Wa alaikumus salam Ummu Aiman, Allah ya ba yaran lafiya ya ba ku ladan jinya. Ni nas ce a ɓangaren yara, ta wannan gefen zan yi magana, maganar waya da data na bar wa masu ita.

Ki fara tunanin wa zai buɗe shafin nan kuma a wane hali. Ba ɗalibi ba ne mai neman tarihin cutar. Uwa ce ƙarfe biyun dare, yaro na kuka a cinya, hannu ɗaya ne kawai da ita, ga wuta an ɗauke. Saboda haka abun da za ta fara gani tana buɗewa, kafin barka da zuwa, kafin hoton shugabannin ƙungiya, shi ne alamomin da in an gansu ba a jira gari ya waye. Zazzaɓi da ma'auni ya kai 38.5, wasu likitocin ma tun daga 38 suke cewa a kawo yaro. Ciwon ƙirji ko numfashi sama sama. Baki ya karkace ko hannu ko ƙafa ta saki ko magana ta sarƙe, ko da ya dawo daidai bayan 'yan mintuna. Yaro ya ɗashe fat, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ciki ya kumbura ta gefen hagu, wannan saifa ce ta tara jini kuma tana kashe ƙaramin yaro cikin awanni. Sai kuma wanda kowa yake jin kunyar rubutawa, miƙewar gaba mai zafi ga namiji da ta wuce awa 2 ba ta kwanta ba, samari suna ɓoyewa har abu ya lalace. Ku rubuta shi da Hausar da ba batsa a ciki amma kowa zai gane, kar ku tsallake.

Kowace alama layi ɗaya, a ƙarƙashi kuma a faɗi abun da za a yi: a tafi imajansi yanzu, a ɗauki katin asibiti, a faɗa tun daga ƙofa cewa yaron sikila gare shi.

Tambayar Hajiya kuwa ita ce gaba ɗaya maganar. Kowane shafi a ƙasansa a sa sunan likitan da ya duba rubutun da inda yake aiki, da ranar da ya duba, da ranar da za a sake dubawa. Shafin hukumar lafiya ta Ingila, NHS, haka suke yi, kowane bayani da ranar dubawa ta ƙarshe da ta gaba. Kuma likita na gaske wanda yake da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, kuma ya yarda a sa sunansa, ba wai a rubuta "ƙwararrun likitoci sun tabbatar" ba, don mai maganin nan ma haka yake cewa. In likitan kilinik ɗinku ne da iyaye suka san fuskarsa ya fi komai.

Ranar dubawar nan ba ado ba ce. Akwai maganin sikila da ake kira Oxbryta, an yi ta yabonsa, a watan Satumba 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya gaba ɗaya saboda abun da aka gani na ƙaruwar tashin ciwo da mace mace. Yanzu haka in kika bincika za ki tarar da tsofaffin rubuce rubuce suna nan suna yabonsa, babu kwanan wata a jiki, mai karatu bai san an wuce wurin ba.

Abun da zan roƙe ku kar ku sa shi ne adadin magani. Ku yi bayanin mene ne amfanin folic acid, me yasa ake ba ƙananan yara penicillin kullum har su kai shekara 5, me yasa ake shan maganin rigakafin maleriya, amma sha kaza sau kaza ku bar wa likita, musamman hydroxyurea da ake auna shi da nauyin yaro kuma sai ana gwajin jini akai akai. Kina sa lamba gobe an je kemis an saya.

Kuma zancen wai maganin kansa ne, kar ku musa. Eh gaskiya ne da shi ake maganin wasu nau'in kansar jini, ku faɗa ƙarara, sannan ku yi bayanin cewa ga mai sikila aikinsa daban, yana ƙara irin jinin da jariri yake da shi a ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi yasa ciwo yake raguwa, yawan ƙarin jini ma ya ragu. Anan Kano ma an yi bincike a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala kan amfani da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. In kuka ɓoye, ranar da uwa ta karanta takardar cikin kwalin ta ga kalmar kansa, daga ranar ta daina yarda da duk abun da ke shafinku.

Dan_Fagge:

Aunty Ummu sannu da ƙoƙari. Aikina kenan haɗa shafuka, kuma ki gaya wa ƙanin naki ba raini ba ne, duk haka muke yi in muna son nuna mun iya 😄 amma hotunan nan masu juyawa su za a fara cirewa.

Ya rufe laftof ɗin nan ya nemo itel ko tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi, ya sa mata layin da sabis ke wahala, ya buɗe a Opera Mini, ya fita tsakar gida cikin rana. Abun da ya gani a nan shi ne shafinku na gaskiya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025 mutane lissafin kowane MB suke yi, wasu ma datar WhatsApp kaɗai suke saye. Shafin rubutu zalla da ɗan hoto ɗaya da aka matse bai kamata ya kai rabin MB ba. Bidiyo kar ya kunna kansa ko kusa, kuma a rubuta nauyinsa a gefe mutum ya zaɓa da kansa.

Akwai ƙa'idojin da W3C, masu tsara ƙa'idojin intanet na duniya, suka fitar na sauƙaƙa shafi ga kowa, WCAG ake ce musu, na 2.2 ya fito a Oktoba 2023, kyauta ne ya je ya duba. Ba sai ya haddace ba. Rubutu baƙi a kan fari ko abun da ya yi kusa da haka, ma'aunin bambancin kala da suka sa 4.5 zuwa 1 ne ga rubutu na yau da kullum, wannan toka toka a kan fari da ake yayi tsoho ba ya gani. Rubutu ya zama mai girma kuma in mutum ya ja da yatsu biyu ya ƙara girma, kar a kulle. Maɓalli ya zama babba da tazara tsakani. Kar a dogara da kala kaɗai, in abu na haɗari ne a rubuta HAƊARI, ba jan launi kawai ba. Kuma bayani kar a zuba shi a PDF, ba mai saukewa.

Sai matsalarmu ta Hausa. Yawancin salon rubutun nan masu kyau ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. Noto Sans yana da su duka, ko ma ya bar wayar ta yi amfani da nata ya rage nauyi. Sannan akwatin bincike dole ya gane cewa mai rubuta zazzabi da mai rubuta zazzaɓi abu ɗaya suke nema, haka kirji da ƙirji, haka sikila da sikla da amosanin jini, don kusan ba mai danna ƙugiya in yana sauri.

Babban abun da nake so ki riƙe shi ne yawancin mutane ba za su taɓa shiga shafin ba, sikirinshot ɗinsa za su gani a wani guruf ɗin. To ku tsara shi da sanin haka. Kowace amsa gajeriya yadda za ta shiga fuskar waya ɗaya, kuma sunan shafin da kwanan wata su kasance kusa da rubutun yadda in an ɗauka za su fito a ciki. In ba haka ba wani zai yanke ya liƙa lambar wayarsa a ƙasa ya sayar da jiƙonsa da rubutunku.

Kar ku ce sai an yi rajista kafin a karanta. Kuma kar ku buɗe fom na a turo sunan yaro da jinotayif da lambar waya "don mu san adadinmu". Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu tsauri, kuma ko ba doka, kin san yadda zancen nan yake a wajen neman aure, jerin sunayen nan ya fita an shiga uku. Abun da ba ku karɓa ba ba zai ɓace a hannunku ba.

Malam_Na_Gwale:

Salamu alaikum. Ni makaho ne, malamin makaranta, kuma AS ne ni, ina da ɗiya mai SS. Da TalkBack, manhajar da take karanta min abun da ke fuskar waya da murya, nake karanta wannan zaren da kuke gani, don haka bari in faɗa muku yadda shafukan lafiya suke a kunnena.

Mafi yawan masu wayar da kai a ƙasar nan fosta suke yi. A zauna a tsara hoto mai kyau, a zuba duk bayanin a cikin hoton, a ɗora. Ku kuna ganin alamomi bakwai na kaza, ni abun da wayata take ce min shi ne "image". Shikenan. Wani lokacin ma ta karanto min sunan fayil ɗin, lambobi reras. Sai na jira yarinyar ta dawo daga islamiyya ta karanta min bayanin ciwon da ni ya kamata in kula da ita a kansa. To dan Allah duk abun da yake rubutu a bar shi rubutu. In an sa hoto a rubuta bayaninsa a bayansa, kuma bayani mai amfani. In hoton yadda uwa za ta taɓa cikin yaro ta duba saifa ne, kar a rubuta "hoton uwa da yaro", a rubuta inda za ta sa yatsunta, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, da abun da za ta ji in ta kumbura.

Wannan zanen da ake yi na AS da AS, akwatuna huɗu, shi ma a faɗe shi da baki. Kowane ciki da aka ɗauka akwai kashi 25 cikin ɗari ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA, kuma kowane ciki lissafinsa sabo ne, ba ruwansa da na baya. Ina ganin zanen nan ma shi yake rikita masu ido, suna ganin akwati huɗu sai su ɗauka 'ya'ya huɗu ne ɗaya ya ɗauke wa sauran.

Ɗan Fagge ka ƙara wa yaron nan da cewa kanun magana ya sa su a matsayin kanu na gaske, ba ya ƙara wa rubutu kauri kawai ba, da su muke tsalle daga sashe zuwa sashe. Maɓalli kowanne da sunansa. Link kuma kar ya zama "danna nan" "danna nan" sau goma, ban san ina kowanne zai kai ni ba. Abun nan na zaɓi hotunan da ke da mota don a tabbatar kai mutum ne, in kuka sa shi kun rufe min ƙofa.

Wani abu kuma, wayar tawa da bakin Bature take karanta Hausa, mun saba dai muna ganewa amma da wahala, dogon bayani sai kai ya yi ciwo. In za ku iya, kowane shafi a samu mutum ya karanta shi da murya a ɗora a sama, minti ɗaya ko biyu. Ba mu kaɗai zai amfana ba, Hajiyar nan mai jika da duk wanda bai yi boko ba sun samu. Amma bidiyo kuma a sa masa rubutu saboda kurame, kar a gyara mana a ɓata musu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairu 2019 aka sa mata hannu, har yau a wajen gini ake maganarta, matakala da ƙofa, ba a tuna cewa shafi ma ƙofa gare shi.

In kun gama ku turo min in gwada, kyauta.

Baban_Khalifa:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk wannan tsari da kuke faɗa yana da kyau amma yarda ba a kwanan wata take ba. Mu nan Kano muna da dalilinmu na ɗari ɗari da duk abun da aka ce likitoci sun ce. Gwajin maganin Trovan a kan yara na 1996 lokacin sanƙarau a garin nan aka yi shi, kuma kowa ya san yana cikin abun da aka riƙa kafa hujja da shi da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Me ya dawo da mutane? Ba takarda ba ce, sarakuna ne da malamai da masu unguwanni suka shiga gida gida. A 2014 lokacin Ebola saƙo ɗaya ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, kafin asuba rabin ƙasa ta yi, har aka rasa rayuka. Wa ya tambayi sunan likitan da ya duba? Yayarka ce ta kira ka, shikenan ka tashi ka dafa ruwa.

Don haka ni a ganina ku kashe ƙarfinku a rediyo da wajen malamai, shafin ya zama ma'ajiya kawai. Yanzu da gwamnatin Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, limamai da waliyyai su ne suke karɓar takardar gwajin nan, da yawansu ba su san bambancin AS da AC da SC ba. Ku yi musu shafi guda nasu.

Kuma ku faɗi wa yake ba ku kuɗi. Bahaushe yana ganin abu kyauta tambayar farko me za su samu. In karo karo ne ku rubuta karo karo ne. Talla kuwa ko ta sisin kwabo kar ku karɓa, musamman irin wadda Google ke zubawa da kanta, za ki rubuta a guji masu cewa suna warkar da sikila, a ƙasan rubutun kuma tallarsu ta fito.

Ummu_Aiman:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai, duk na kwafe na tura wa ƙanin nawa, yanzu haka yana ta gunaguni akan hotunansa 😂 Malam in sha Allahu kai za ka fara gwadawa. Baban Khalifa maganar limamai ta shige ni sosai.

Saura abu ɗaya da muke ta jayayya a kai a ƙungiya. Maganin gargajiya mu yi maganarsa ko mu yi shiru? Wasu sun ce in muka taɓa shi za a ce 'yan boko sun zo zagin magungunan iyaye da kakanni, har da masu cewa za a ce muna ja da maganin Musulunci. Wasu kuma sun ce ai saboda shi muka fara wannan aikin.

Dan_Maradi:

Gaisuwa daga Maraɗi 'yan uwa. Kar ku manta da mu, duk abun da aka rubuta da Hausa a Kano yana iso mana kafin la'asar. Mu nan takardun asibiti da Faransanci suke, likita zai rubuta drépanocytose, uwa ta dawo gida ba ta san ita ce sikilar da take ji a rediyo ba, ku sa wannan sunan a akwatin binciken ku ma. Kuma in za ku rubuta inda za a je ku bambanta, wannan na Najeriya ne wannan na Nijar, mu cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai take, lambobin waya da sunayen magunguna a famasi ma ba ɗaya ba ne.

Na goyi bayan Malam kan murya. Tsofaffinmu da yawa ajami suke karantawa ba boko ba, amma murya kowa na ji. A yi ta yadda za a iya sauke ta a tura ta Xender ko Bluetooth ba sai da data ba, kuma mai karantawa ya faɗi sunan shafin da watan da aka ɗauka a farkon muryar, don ita ma yawo za ta yi ita kaɗai.

Sista_Yara:

Baban Khalifa ban ƙi taka ba, amma shi limamin da mai gabatar da shirin rediyon daga ina za su ɗauko abun da za su faɗa? Gara a samu wuri ɗaya da aka tantance. Kuma shafin waliyyai da ka ce, a sa musu cewa gwajin da ake kira sikilin tes ba ya bambance AS da SS, gwajin electrophoresis ko HPLC ake nema, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce sakamakonsa zai iya fitowa ba daidai ba, sai a jira a sake. In sakamako biyu suka saɓa a je babban asibiti a yi na uku, kar a zaɓi wanda ya yi wa ango daɗi.

Ummu Aiman ku yi maganarsa, shirun shi ne haɗari, don kusan duk uwar da nake gani a wodi ta ba da wani abu a gida kafin ta zo kuma tana tsoron faɗa kar a yi mata faɗa. Amma ba da zagi ba. Ku raba abun gida biyu. Addu'a da tofi da zuma da shan ruwa da yawa da rufe yaro lokacin sanyi, ba wanda ya hana, a haɗa da maganin asibiti. Abun da za ku tsaya a kai ba sassauci shi ne babu jiƙo ko gari ko kwalba da ke canza jinotayif, da shi aka halicci mutum. Abun da aka sani yana raba mutum da ciwon shi ne dashen ɓargo, sai kuma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta irin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ku rubuta kuɗin ma, don mutum ya auna da kansa in an ce masa ga shi a kwalbar dubu biyar.

Sannan ku yi bayanin lambar NAFDAC, don da ita suke rufe bakin mutane. Lambar da ake ba maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abun da aka rubuta a jiki ba, shi yasa ake tilasta musu rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba, da ƙananan haruffa a gefen kwalba. Ku ɗauki hoton irin wannan layin ku nuna inda yake, ku rufe sunan maganin, kuma a rubuta wa su Malam abun da ke jiki.

Sai ku roƙi iyaye abu ɗaya a ƙarshen wannan shafin, duk abun da aka ba yaro a gida a taho da kwalbar ko ƙullin asibiti a nuna mana. Ni zan yi wa likitar kilinik ɗinmu magana ranar Talata ko za ta karɓi duba rubutun, amma ku fara turo na alamomin haɗari tukunna, sauran su biyo baya a hankali.